Haƙƙin Mai Kawo Abinci a Kan Muridi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, wanda Ya lamunce arzikin kowane mai rai, sannan cikin hikimarSa Ya sanya isar da arzikin a hannun bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa tsarkaka da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani (R.A) da halifofinsa da duk wanda ya bi tafarkinsu da gaskiya.

Bayan haka, muridi yakan tashi da asuba ya yi sallah cikin jam'i, ya zauna ya ja laziminsa: istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari. Idan gari ya waye ya fita nema, sau da yawa mutum na farko da zai yi mu'amala da shi a wajen gida shi ne mai shayi, ko mai koko da ƙosai, ko yaron da ke miƙo kwano a rumfar mai tuwo. A nan ake fara gane ko zikirin ya sauka a zuciya ko kuwa a harshe ya tsaya. Ladabi a gaban shehi ko muƙaddami ba shi da wuya, domin akwai kwarjini, akwai idon jama'a, ga kuma fatan samun addu'a. Shi kuwa yaron mai shayi ba shi da abin da zai saka wa wanda ya girmama shi, ba shi da ikon ramawa ga wanda ya wulaƙanta shi. Saboda haka abin da mutum ya yi masa, shi ne ainihin abin da ke cikin mutumin.

Wannan darasi a kan haƙƙin waɗannan bayin Allah yake: masu dafawa, masu zubawa, masu miƙowa da masu wanke kwano, ko a gidan abinci, ko a rumfar tasha, ko a bakin kasuwa, ko a zawiya ranar taro.

Su wane ne masu wannan hidima?

Ƙasar Magarya da Dungas, a jihar Damagaram, ƙasa ce ta hanya da kasuwa. A da gunduma ɗaya ce, sai a shekarar 2011 aka cire Dungas daga cikin Magarya, kuma a ƙidayar 2012 mutanen gundumomin biyu sun haura 900,000. Kudu da su Najeriya ce. Wanda ya bi ta Tinkim zai faɗa Babban Mutum, wanda ya bi ta wajen Dungas zai sauka Maigatari, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis. Naira da sefa a aljihu ɗaya suke kwana. Dillalin shanu da direban babbar mota da ɗan kabu-kabu da ɗan dako da mai kai gero ko wake ko rake kasuwa, babu wanda ke tafiya da murhu a cikinsu. Kowannensu ya dogara ne, bayan Allah, ga wani da ya riga shi tashi.

Mai ƙosai tun dare take jiƙa wake, ta surfa, ta wanke, ta kai markaɗe, ta buga ƙullu, kafin a idar da sallar asuba mai ya yi zafi a kasko. Mai tuwo sai ta sayi ruwa a hannun ɗan ga-ruwa, ta sayi itace, ta tsaya a kan tukunya tana tuƙi hayaƙi na cika mata ido, ko da a tsakiyar zafin bazara ne. Mai shayi kan hura wuta kafin kiran assalatu, wani kuma ba zai kashe ta ba sai dare ya raba. Ɗan wanke-wanke hannunsa cikin ruwan sanyi yake a lokacin da iskar hunturu ke tsattsaga fata. Wanda ya zo ya zauna a benci ya ci ya tashi cikin 'yan mintoci, bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kwano kawai ya gani.

Kuma waɗannan mutane ba baƙi ba ne a wurin kowa. Da an gama girbi, samarin Yekuwa da Kwaya da Bande da Malawa da Dogo-Dogo sukan fita cin rani, wasu Kano, wasu Abuja ko Legas, wasu Agadas, wasu har Aljeriya da Libiya. Da yawansu a teburin shayi suke tsayawa, ko wankin kwano, ko jigilar ruwa ga masu abinci. Da wannan kuɗin ake sayen hatsi idan rumbu ya yi ƙasa, da shi ake sayen taki, a biya sadaki, a kai mara lafiya likita. Wanda ya daka wa yaron mai shayi tsawa a tashar Magarya, ya tuna cewa mai yiwuwa a wannan sa'ar ƙanensa ko ɗansa yana tsaye a gaban wani a Legas da kofi a hannu. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Haka nan ƙasar ta san yunwa. Tun shekarar 2005 ƙungiyar likitocin MSF take aiki a Magarya saboda tamowa, kuma kowace damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro, sashen yara na asibitin kan cika. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan watan Yulin 2023, kayan masarufi suka yi tsada, matafiya suka ragu, masu abincin tasha na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. Mutanen da suka ga irin wannan, su ya fi cancanta su san darajar hannun da ke miƙo abinci.

Abin da Shugaban halitta ya koyar

A cikin Suratu Abasa Allah Ya umarci ɗan Adam da ya yi duba ga abincinsa, Ya tunatar da shi saukar ruwa da tsagewar ƙasa da fitowar ƙwaya. Wanda ya yi wannan duban da gaske zai ga doguwar hanya daga hadari zuwa kwano: manomi, mai sussuka, mai shiƙa, mai surfe, mai niƙa, mai dafawa, sannan mai miƙowa. A Suratuz Zukhrufi kuma Allah Ya bayyana cewa Shi ne Ya raba wa mutane abin rayuwarsu, Ya fifita wasu a kan wasu domin su riƙa yi wa juna aiki. Ke nan zaman wani a benci da tsayuwar wani da faranti duk rabo ne daga Mai rabawa. Ma'aunin girma a wurinSa, kamar yadda Suratul Hujurati ta tabbatar, tsoron Allah ne, kuma ita wannan surar ce ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, domin wataƙila waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri.

Sayyidina Anas ɗan Malik (R.A) yana ɗan shekara goma mahaifiyarsa Ummu Sulaimi ta kai shi ya yi wa Manzon Allah (S.A.W) hidima. Ya yi shekara goma yana yi. Bukhari da Muslim sun ruwaito shaidarsa cewa a duk tsawon shekarun nan Annabi bai taɓa yi masa ko tsaki ba, bai taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Yaro ne, kuma yaro sai da mantuwa da wasa. Amma abin da Anas ya samu a madadin faɗa shi ne addu'ar yawan dukiya da 'ya'ya da albarka, har ya zama cikin sahabban ƙarshe da suka rasu a Basra. Sai muridi ya auna wannan da halinsa: shekara goma babu tsaki, shi kuwa minti goma na jiran shayi ya ishe shi ya fara ƙwanƙwasa tebur da cokali.

A hadisin Abu Huraira (R.A), Manzon Allah (S.A.W) ya yi umarnin cewa idan mai hidima ya kawo wa mutum abinci, ya zaunar da shi su ci tare, in hakan bai samu ba ya miƙa masa loma ɗaya ko biyu, kuma ya faɗi dalili: shi ne ya sha zafin abincin da hayaƙinsa. Annabi ya lura da hayaƙin da mai ci ba ya lura da shi. Haka kuma an ruwaito cewa bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan kaɗai ya isa ya gyara bakin mai ture kwano yana cewa ko kare ba zai ci wannan ba.

Sayyidina Abu Zarri (R.A), duk da girman matsayinsa, ya taɓa gorantawa wani mutum da uwarsa. Annabi (S.A.W) ya nuna masa cewa akwai sauran halin jahiliyya a tare da shi, ya sanar da shi cewa masu yi wa mutum hidima 'yan'uwansa ne da Allah Ya sanya a ƙarƙashin hannunsa, ya ciyar da su daga abin da yake ci, ya tufatar da su daga abin da yake sawa, kada ya ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in ya ɗora ya taimake su. Abu Zarri bai manta ba. Bayan shekaru aka same shi a Rabaza, shi da yaronsa tufafinsu iri ɗaya.

A wata tafiya kuma cikin tsananin zafi, wasu sahabbai suna azumi wasu ba sa yi. Da aka sauka, masu azumi suka zube saboda gajiya, marasa azumi suka kafa tantuna suka shayar da raƙuma. Annabi (S.A.W) ya bayyana cewa a wannan rana masu hidimar ne suka tafi da ladan. Wannan hadisi abin tsayawa ne ga duk mai zaton cewa mai tasbaha a hannu kullum yana gaban mai ludayi a hannu.

Hidima a wurin mutanen Allah

Annabi Ibrahim (A.S), Badaɗin Allah, da baƙi suka zo masa da kansa ya tafi wurin iyalinsa, da kansa ya kawo gasasshen maraƙi, da kansa ya ajiye a gabansu. Annabi Musa (A.S) ya yi shekaru yana aikin ƙwadago a Madyana. Uwar Muminai A'isha (R.A) ta ba da labarin cewa Annabi (S.A.W) a gidansa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Daga nan shehunan tarbiyya suka ɗauko hidima suka mai da ita ƙofar shiga.

Shehu Aliyu Hujwiri, wanda kabarinsa ke Lahor, ya ambata a littafinsa Kashful Mahjubi cewa shehunai kan jarraba mai neman shiga hanya shekara uku, kuma shekarar farko gaba ɗaya a hidimar mutane take tafiya. A ɗariƙar Maulawiyya ta Maulana Jalaluddini Rumi a Konya, a da sabon muridi a madafa yakan yi kwana 1001 yana wanke-wanke da shara da kai abinci, kafin a ba shi ɗakin kansa. A zawiyar Shehu Mu'inuddini Cishti da ke Ajmer ta ƙasar Indiya, har yau akwai manyan tukwane biyu da ake dafa abinci a ciki a raba wa kowa. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal kuwa laƙabin da ya zaɓa wa kansa shi ne Hadimin Manzo. Dalilinsu duka ɗaya ne: nafsu tana iya jure dogon zikiri, har ta yi ado da shi, amma da wuya ta jure ɗaukar kwanon da wani ya ci ya bari. Abin da ke karya girman kai yana cikin wannan ɗaukar.

To aikin da shehunai suke sa masu neman Allah su yi domin su tsarkaka, shi ne yaron mai abinci yake yi kullum daga safe har dare. Idan ya yi niyya ta gari, babu wanda ya san inda ya kai a wurin Allah. Muslim ya ruwaito cewa akwai mai birkitaccen gashi da ake korarsa daga ƙofofi, wanda da zai rantse a kan Allah Ya yi abu da Allah Ya cika masa. Waliyyai ba su da tambari a goshi. Wanda ya yarda da cewa Allah Yana ɓoye masoyanSa a cikin bayinSa, ba zai iya raina kowa yana cikin natsuwa ba, kuma yana daga sharuɗɗan ɗariƙa cewa muridi kada ya amince wa makircin Allah, kada ya yanke tsakaninsa da 'yan'uwansa musulmi.

An san ɗariƙar Shehu Tijjani (R.A) da cewa ɗariƙar godiya ce. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, an ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, wanda ya rasa ta biyun bai cika ta farkon ba. Mai arzutawa Allah ne Shi kaɗai, hannun bawa sababi ne, amma ladabin arifai shi ne su gode wa Mai bayarwa su kuma girmama hanyar da Ya zaɓa Ya bayar. Duk wanda ya ce ya sha daga failar Shehu Ibrahim Inyass (R.A), ya ce yana ganin aikin Allah a cikin komai, bai kamata ganin nan ya ɓace masa ba daidai lokacin da aka ajiye masa kwanon tuwo.

Inda ladan wuridi ke zubewa

Manzon Allah (S.A.W) ya bayyana wa sahabbai wane ne matsiyaci na gaskiya a cikin al'ummarsa: wanda zai zo ranar ƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, sai a yi ta ɗiban ladansa ana biyan su, in ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. Ɗan'uwan da ya halarci wazifa kullum, ya yi zikirin Juma'a ba fashi, ya kamata ya ji tsoron kada ya tara wa wani. Haƙƙin Allah istigfari yana shafe shi. Haƙƙin bawa kuwa sai an biya ko mai shi ya yafe.

Zagi ba sai da ashar ba. Kiran dattijo mai furfura da "kai yaro" don kawai yana riƙe da buta, kiran mutum da fito ko da tafi, cilla kuɗi a tebur maimakon a miƙa a hannu, tambayar "ka kurumce ne?" a gaban jama'a, duk wulaƙanci ne, kuma girman kai rawanin tsiya. Annabi (S.A.W) ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane, ya kuma yi gargaɗin cewa mai kwatankwacin ƙwayar zarra nasa a zuciya ba zai shiga Aljanna ba. Maganin yana da sauƙi a baki. Mutum ya yi sallama kafin ya ce a zuba masa. Ya ce wa babba Baba ko Malam, ya ce wa dattijuwa Inna ko Iya, ya ce wa saurayi ɗan'uwa ko samari, in ya san sunansa ya kira shi da shi. In an kawo ya ce sannu da aiki, in ya gama ya ce Allah Ya amfana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mai tsayuwa tun asuba ya fi kowa bukatarta.

Wannan ba ya nufin mutum ya haɗiye haƙƙinsa. In an kawo abin da bai ce ba, ko canji bai cika ba, ko ya ga ƙazanta, ya faɗa. Amma ya faɗa a hankali, tsakaninsa da mai shi. Annabi (S.A.W) ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin hali idan ya saya, idan ya sayar, da idan yana neman haƙƙinsa.

Sai maganar bashi, wadda ta fi yawa a tsakanin waɗanda suka saba da juna. Mutum ya sha shayi da burodi ya ce a rubuta, gobe ma haka, in bashin ya taru sai ya sauya teburi. Jarin mai shayi bai wuce gwangwanin madara da sukari da ganye da ƙwai ba, burodin ma sau da yawa karɓowa yake da safe ya biya da dare. In mutum goma suka tashi da dala ashirin-ashirin, jika guda ta fita daga jarin a wuni ɗaya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu laifi ga wanda ba shi da shi ya nemi a yi masa jinkiri. Amma Annabi (S.A.W) ya kira jan ƙafar mai hali a wurin biya da sunan zalunci. Ya taɓa dakatawa daga sallatar gawar mai bashi har sai da Abu Ƙatada (R.A) ya ɗauki nauyin biya, kuma ya sanar da cewa shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi. Ɗan'uwan da ya san akwai sunansa a littafin mai shayi ko a ƙwaƙwalwar mai tuwo, ya je ya biya kafin ya tara kuɗin motar ziyara.

Mata masu abinci da almajirai

An mai da kalmar 'yar tuwo-tuwo abin gori, har wasu suna ganin duk macen da ke sayar da abinci a tasha mutuncinta halal ne a bakinsu. Da yawa daga cikinsu mazansu sun rasu sun bar musu marayu, wasu zawarawa ne, wasu mazan sun tafi cin rani an daɗe babu aike. Sun zaɓi hayaƙi a kan roƙo. Bukhari ya ruwaito cewa a walimar auren Abu Usaidi (R.A), amaryar ce da kanta ta yi wa Annabi (S.A.W) da sahabbansa hidimar abinci. Mummunan zato da ƙazafi kuwa Suratul Hujurati da Suratun Nuri sun yi bayanin nauyinsu. Muridi ya runtse ido, ya tsare harshe, ya ɗauki babba a matsayin uwa, ƙarama a matsayin 'ya. Yarinyar da ta kawo tallar fura ko awara, ya saya ya biya ya sallame ta, kada ya tsare ta da wasan banza. Iyaye kuma su ji tsoron Allah a kan tura 'yan mata tasha da dare.

Haka almajirin da ke wanke kwanoni don a ba shi ƙanzo. Wannan yaron yana ɗauke da wani abu na Alƙur'ani a ƙirjinsa, iyayensa suna nesa. Wanda zai sumbaci hannun malami saboda Alƙur'ani, bai dace ya kori almajirin malamin da ƙafa ba. In da hali a saya masa kwano cikakke, ya ci mai zafi kamar kowa.

Ga mai gida da ga mai hidima

Ɗan'uwan da Allah Ya ba gidan abinci ko teburin shayi da yara a ƙarƙashinsa, nauyinsa ya fi na mai saye. A hadisi ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Ibnu Majah kuma ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Saboda haka a yanke lada tun farko a fili, a biya a kan lokaci. A ba yaro lokacin sallah da na barci. Ya ci daga tukunyar da ake sayarwa, kada a bar masa sai ragowar kwanon mutane. In kofi ya suɓuce ya fashe ba da ganganci ba, a tuna ranar da akushi ya faɗi daga hannun wani hadimi a ɗakin Annabi (S.A.W) ya fashe: da hannunsa mai albarka ya tattara abincin, bai ɗora wa hadimin laifi ba. Da aka tambaye shi sau nawa za a yafe wa mai hidima, adadin da ya ambata saba'in ne a kowace rana.

Shi kuma ɗan'uwa mai wannan sana'a, kada ya sunkuyar da kai. Wasu sukan dawo daga cin rani suna ɓoye aikin da suka yi, wasu iyayen kuma sukan hana 'yarsu saurayi don an ce mai wanke-wanke ne a birni. Annabi (S.A.W) ya nuna cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, ya kafa misali da Annabi Dawuda (A.S), wanda yake Annabi kuma sarki. Ciyar da abinci yana cikin abubuwan farko da ya kira mutane zuwa gare su da ya isa Madina, kamar yadda Abdullahi ɗan Salam (R.A) ya ruwaito. Karɓar kuɗi ba ya hana lada in niyya ta yi kyau. Sai dai ya tsare amanar sana'ar: ya tsabtace ruwa da kwano da hannu, kada ya haɗa abincin jiya da na yau ya ce sabo ne, domin Annabi (S.A.W) ya barranta daga mai algus. Ya yi wa mai dala goma fuskar da yake yi wa mai jika. Kada ciniki ya cinye masa sallah ko lazimi. Hannu na aiki harshe na salati, wannan ribar babu mai raba shi da ita.

A zawiya ma haka

Ranar Maulidi, ko a zawiyar unguwa, ko a Kiyota, ko a Madinatu Baye ta Kaulaha, idanu kan tafi wurin masu karatu da masu bege da manyan baƙi. A bayan fage akwai mata da suka kwana a kan murhu, da samarin da suka yi ta jigilar ruwa da faranti har ba su ji ko babi ɗaya na karatun ba. Sunna ta nuna cewa mai shayar da mutane shi ne na ƙarshen sha, amma ba ta ce a bar shi babu komai ba. Ya kamata muƙaddamai su sa a ware musu rabonsu tun kafin a fara rabo, a ambace su a addu'ar rufewa, kuma manya su ma su riƙa ɗaukar faranti lokaci-lokaci domin yara su gani su koya. Wanda ya saba girmama mai hidimar zawiya, zai fi sauƙin gane cewa mai hidimar tasha ɗan'uwansa ne.

Allah Ya sanya albarka a hannuwan masu dafawa da masu miƙowa, Ya yalwata arzikinsu, Ya tsare mutuncinsu, Ya dawo da matafiyansu gida lafiya. Allah Ya tsarkake zukatan 'yan'uwa daga girman kai, Ya ba su ikon sauke haƙƙin bayinSa tun kafin ranar da babu naira babu sefa, Ya karɓi wuridinsu, Ya ba ƙasa damina mai albarka da zaman lafiya. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa. Amin.